Jagorar Mai Koyon Montaj: Yadda Za Ka Tace Murya da Hoto da Abin da Ke Hannunka

Mai kallo yana iya haƙuri da hoton da ya ɗan yi duhu, ko wanda hannu ya ɗan girgiza. Amma muryar da iska ta cika, ko wadda ƙarar janareta ta danne, ba wanda zai zauna mata. Yatsa zai sa ya wuce. Wannan ne babban abin da na tsinta tun da na fara koyon montaj, wato yanka da haɗa bidiyo, a nan Garwa ta arewacin Kamaru, shi ya sa za ka ga na daɗe a kan murya, na bi ta kan launi da ado da sauri. Don kada maganar ta tsaya a iska, mu ɗauka za mu haɗa bidiyon minti 3 a kan wani dattijo mai kilishi, daga hira da shi har fayil ya shiga wayar mutane.

Mataki na farko: kayan aiki

Wayar da ke aljihunka ta isa, muddin tana ɗaukar hoto mai girman 1920 da 1080. Idan kana da 'yan kuɗi, kada ka sauya waya, sayi ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a wuyan riga. Kafin ka biya, dubi kan wayarsa, wato ƙarfen da ake sokawa: mai zobe baƙi uku shi ne na wayar hannu, mai zobe biyu na kyamara ne da rakoda. Idan ka soka mai biyu a wayar hannu, sau da yawa ba za ta ma san an soka mata komai ba, za ta ci gaba da ɗauka da nata makirufon, kai kuwa ba za ka gane ba sai ka koma gida. Gwada shi a shagon: kunna ɗauka, ka ɗan ƙwanƙwasa kan makirufon da farce, ka saurara. Sai abin saurare na kunne, ko da mai araha ne, da memori na gaskiya. Memorin jabu sun cika kasuwa. Cika sabo da fayiloli har baki, ka buɗe na farko da na ƙarshe ka gani kafin ka ba shi amanar bikin wani.

Manhaja kuwa, Audacity ce ta murya, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Ta hoto, a waya akwai CapCut, a kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi akwai Shotcut da Kdenlive, su ma kyauta. DaVinci Resolve tana da nau'in kyauta wanda ƙwararru ke aiki da shi, sai dai tana son kwamfuta mai ƙarfi. Ban ga dalilin da zai sa mai koyo ya ɗora manhajar sata ba alhali ga waɗannan. Ƙwayar cutar da ke biyo irinsu tana iya cinye aikin wata guda. Zaɓi ɗaya ka zauna mata har hannunka ya saba.

Mataki na biyu: kafin ka danna jan maɓalli

Rabin montaj a wurin ɗauka ake yin sa. Da ka isa wurin mai kilishi, kada ka fara da neman inda ya fi kyau a ido. Sa abin kunne, ka rufe baki, ka saurari wurin. Za ka ji abin da kunnenka ya saba da shi har ya daina ji: baburan haya a kan titi, injin markaɗe a bayan katanga, rediyon maƙwabci, fanka, firji. Abin da za a iya kashewa a roƙa a kashe. Wanda ba za a iya ba, a matsa nesa da shi. Ɗaki mai siminti tsirara da rufin kwano yana mayar da murya, kuma amsa-kuwwa na cikin abubuwan da suka fi wuyar cirewa daga baya. Zaure mai tabarma da buhuna da labule ya fi shi sau goma.

Makirufo ya zauna kamar santimita 15 zuwa 20 daga baki, a tsakiyar ƙirji, inda babbar riga ko carbi ba za su goge shi ba. Dalilin matsowar lissafi ne: duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin muryar da ke isa makirufo yana raguwa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne), hayaniyar gari kuwa tana nan yadda take. Idan a waje ne, lokacin hunturu musamman, kada ka cire soson da ke kan makirufon, kuma dattijon ya juya wa iska baya. Idan manhajar ɗaukarka tana nuna ma'aunin sauti, ka bar ƙololuwar murya tsakanin -12 da -6. Wadda ta taɓa 0 ta fashe, ba ta gyaruwa. In akwai zaɓi, ɗauki sauti a kan 48 kHz, shi ne ma'aunin bidiyo.

Akwai wani abu da ya shafi wutarmu. Lantarkin Kamaru da na Chadi a kan 50 Hz yake, wayoyi da yawa kuma sukan zo a saite kan hoto 30 a daƙiƙa. Idan ka ɗauka da dare ƙarƙashin wasu fitilun, sai ka ga haske yana rawa, ko wasu layuka suna gangarowa a hoton. Maganinsa ka koma 25 ko 50 a daƙiƙa idan wayarka ta yarda. Wanda ka zaɓa, ka tsaya a kansa har ƙarshen aikin.

Sa wayar a yanayin jirgin sama don kada kira ya katse ka. Goge gilashin kyamara, ƙurar hunturu ba ta raina kowa. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Garwa ke haura digiri 40, waya na iya tsayar da ɗauka da kanta idan ta yi zafi, don haka a yi hira da sassafe ko bayan la'asar, a cire mata riga, a ajiye ta a inuwa. Hasken waɗannan lokutan ma ya fi taushi a fuska.

Da ka kunna ɗauka, tafa hannu sau ɗaya a gaban kyamara. Za ka ga amfaninsa nan gaba. Da an gama hira kuma, roƙi kowa ya yi shiru na daƙiƙa 30 kana ɗauka. Wannan shirun wurin da shi za ka wanke murya, da shi za ka cike giɓi.

Ita kanta hirar, kada ka yi tambayar da amsarta e ko a'a. «Baba, yaya ake gane naman da zai yi kilishi?» ta fi «Baba, naman cinya ake sa wa?» Kuma ka koyi amsawa da kai da ido. Mun saba da «na'am», «haka ne», «ƙwarai» idan babba na magana, to duk suna shiga makirufo su hau kan maganarsa. Gaya masa tun farko cewa shirun ba raini ba ne, aikin ne ya so haka. Idan babur ya ratsa tsakiyar jimla mai daɗi, bari ya kai aya, sannan ka ce: «Baba, a gafarce ni, ƙarar babur ta shiga. A ɗan maimaita mana daga inda aka ce ana shanya shi.»

Mataki na uku: hotunan rakiya

Fuskar mutum tana magana minti 3 cur tana gajiyar da ido, kuma duk inda ka yanke magana hoton zai yi tsalle. Abin da ke rufe wannan shi ne hotunan aikin kansa. Ɗauki wuƙa tana shimfiɗa tsoka har ta yi sirara, naman a shanye a rana, hannu yana tsoma shi cikin labu, jan yajin da ya maƙale a yatsu, garwashi, mai saye yana miƙa kuɗi. Kowane abu ka ɗauke shi daga nesa, daga tsakiya, da kuma kusa sosai. Kowane ɗauka ka riƙe daƙiƙa 10 ba motsi. Masu koyo mun cika yawo da kyamara hagu da dama, sai a zo montaj a rasa daƙiƙa 3 tsayayyu.

Tun yanzu yanke shawara: a kwance ko a tsaye? YouTube da talabijin 16:9 ne, TikTok da Status na WhatsApp 9:16. In duka biyun kake so, ɗauka a kwance ka bar mutumin a tsakiya da sarari a gefensa. Kuma ka nemi izinin duk wanda fuskarsa za ta fito. A biki wannan ya fi nauyi: hoton ɓangaren mata ranar kamu ko sa lalle na masu biki ne, ba na tallan shafinka ba.

Mataki na huɗu: tsara fayiloli

Buɗe folda da kwanan wata da sunan aiki, a ciki ka raba hoto, murya, kiɗa, da abin da aka fitar. Kwafe ta wuri biyu kafin ka goge komai daga waya. Bayan ka fara aiki kada ka sauya wa fayil suna ko wuri, manhajar za ta neme shi ta rasa.

Mataki na biyar: wanke murya

Buɗe muryar hirar a Audacity. Doka ɗaya tak a nan: kada ka yanke ko daƙiƙa ɗaya. Tsawon da ta shiga da shi, da shi za ta fita, in ba haka ba baki da murya ba za su ƙara haɗuwa ba. Yanka sai a manhajar hoto.

Fara da zubar da gurnanin ƙasa. Matacin da ke barin sauti mai sama ya wuce, ka saita shi a 80 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne). Muryar mutum ba ta da wani abin kirki ƙasa da nan, sai rugugin mota da iska. Idan kana jin wani «mmm» da ba ya yankewa, yawanci na lantarki ne, musamman in waya na caji lokacin ɗauka. Yana zaune a 50 Hz, wani lokaci da 'ya'yansa a 100 da 150. Akwai mataci mai tsinke lambar Hz ɗaya kawai, ka sa masa waɗannan lambobin ɗaya bayan ɗaya.

Sai rage hayaniya, wanda a manhaja mai Faransanci za ka gan shi da sunan Réduction de bruit. Sau biyu ake shigarsa. Da farko ka zaɓi shirun nan da ka ɗauka, ka sa manhajar ta ɗauki samfurinsa. Sannan ka zaɓi muryar duka ka sake shiga ka aiwatar. Fara da desibel 6, kada ka wuce 12. Nan ne hannun mai koyo ke yin nauyi: yana son ya ji shiru tsit, sai ya tura har muryar dattijo ta koma kamar daga cikin randa take fitowa, tana wani ƙyalƙyali irin na ƙarfe. Ɗan sautin kasuwa a baya ba aibi ba ne, shi ke nuna a kasuwar aka yi. Ka kuma sani cewa wannan matacin hayaniya mai ɗorewa yake kamawa, irin ta fanka. Carar zakara da hon ɗin mota ba ruwansa da su.

Bayan nan matse murya, don inda ya yi ƙasa-ƙasa da inda ya ɗaga su kusanci juna. Awon 3:1, yana fara kamawa daga wajen -18, ya isa hira. Daga ƙarshe daidaita ƙarfin duka zuwa tsakanin -16 da -14 LUFS, wato ma'aunin ƙarar da kunne ke ji, ƙololuwa kada ta wuce -1. YouTube kan rage abin da ya haura wajen -14, saboda haka ƙure ƙara ba ya ƙara maka komai. Fitar da ita a WAV, ba MP3 ba, domin MP3 na zubar da wani abu duk lokacin da aka sake matse shi. WAV mai layi ɗaya a 48 kHz da bit 16 bai kai megabayit 6 a minti ba, ba wani nauyi.

Ga masu ɗaukar tafsiri da azumi ko wa'azi: kada ku ajiye waya a gaban lasifika. Ku nemi mai kula da na'urar masallaci ya ba ku layi daga jikinta, ku rage ƙarfinsa, ku gwada kafin malam ya zauna.

Mataki na shida: haɗawa da yanka

Buɗe sabon aiki, ka saita girman hoto da adadin hoto a daƙiƙa daidai da yadda ka ɗauka. Ɗora bidiyon hira a layi, ɗora wankakkiyar murya a ƙarƙashinsa. Nemo tafin nan: a zanen sauti zai fito kamar tsinin mashi a duka biyun. Jera tsinin biyu, kashe tsohuwar muryar, ka ɗaure sabuwar da hoton. Leƙa ƙarshen hirar ka ga ko baki na tafiya da murya. Idan a farko sun dace amma a ƙarshe sun rabu, yawanci wayar ce ba ta riƙe adadin hoto ɗaya ba; wuce da bidiyon ta manhajar HandBrake ka mayar da shi tsayayye, ka sake ɗorawa.

Yanzu saurari hirar duka ba tare da ka taɓa komai ba, da biro da takarda. Rubuta minti da daƙiƙar duk maganar da ta kama ka. Daga hirar minti 20, minti 3 kake nema, ka ga yawancinta zubarwa za a yi, har da abin da kake so. Gaisuwa da tambayar iyali dole ne a zaure, amma a bidiyo mai kallo bai san ku ba tukuna. Buɗe da jimlar da ta fi ƙarfi, misali inda Baba ke cewa da hannu yake gane naman da ya bushe ba da ido ba, sannan sunansa da unguwarsa su biyo.

Jera maganar kaɗai tukuna, ka rufe ido ka saurara. In ta tafi daidai kamar shirin rediyo, bidiyon ya samu. Yanka a inda ya ja numfashi, ba a tsakiyar kalma ba. Kada ka kwashe kowane «to» da kowane ɗan shiru. Maganar dattijo tana da takunta, in ka tsuke ta sai ya koma kamar mai tallan magani a tasha. Inda yanka ya bar rami, cike da shirun wurin, domin shiru na zahiri da babu komai a cikinsa kunne yana jin sa kamar an ɗauke wuta. Akwai kuma iyakar da ba a tsallakewa: kada ka ɗauko rabin jimla daga nan ka liƙa da rabi daga can har mutum ya faɗi abin da bai faɗa ba. Gobe za ka wuce ta gaban teburinsa.

Wata dabara mai sauƙi da ke sa aiki ya yi santsi: bari sautin abin da ke tafe ya riga hotonsa shigowa da kamar daƙiƙa ɗaya. A ji ƙarar wuƙa a kan katako Baba na ƙarasa magana, sannan a ga wuƙar.

Danna Ctrl da S don adana aiki ya zame maka jiki, bayan kowane yanka mai muhimmanci. Arewacin Kamaru ya dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, in ruwa ya ja baya da rani wuta takan yi wuya, don haka mai kwamfutar tebur ya fi kowa buƙatar wannan ɗabi'a. Idan kana bin darasin bidiyo daga Najeriya ko Amurka, ka tuna yawancin allunan rubutunmu jerin Faransa ne: inda suke da Z mu W ke nan, inda suke da Q mu A. Harafin za ka bi, ba wurin da yatsan malamin ya sauka ba. In kwamfuta na sarƙewa, kunna kwafi marasa nauyi da ake kira furoksi. Da su za ka yi aiki, wurin fitarwa manhajar ta koma kan na asali.

Mataki na bakwai: rakiya, kiɗa da launi

Ɗora hotunan rakiya a layin sama, kan duk inda hoto ya yi tsalle, kowanne daƙiƙa 3 zuwa 5, kuma ya dace da abin da ake faɗa. Salon juya hoto da walƙiya da manhaja ke tallatawa, ni dai na bar su ga bidiyon zagayowar ranar haihuwa. Yanka kai-tsaye ya wadatar.

Kiɗa ya zauna ƙasa da murya da kamar desibel 18 zuwa 20. Waƙar wani da ka sauke daga intanet tana iya sa YouTube ya juya kuɗin tallan bidiyon ga mai waƙar, ko Facebook ya kashe sautin. YouTube na da rumbun kiɗan kyauta, amma mafi daɗi ka sallami mai kalangu ko mai garaya ya kaɗa maka minti 2 naka na kanka. Tambayi mai aikin ma, akwai waɗanda ba sa son kiɗa sam, kuma ba a sa shi ƙarƙashin karatun aya. Sautin garwashi da na kasuwa sukan riƙe bidiyo ba tare da shi ba.

Launi: gyara haske, ka tabbatar farar riga fara ce, fatar mutum ta yi kama da tasa. Ka tsaya nan.

Mataki na takwas: rubutun ƙasa

A Garwa mutum ɗaya zai fara jimla da Hausa, ya ratsa Fulatanci, ya ƙirga kuɗi da Faransanci. Rubutun ƙasa shi ke sa kowa ya bi, kuma da hannu za ka buga shi, kana saurare kana tsayarwa. Layi biyu iyaka, kowanne kada ya wuce haruffa 40 ko kusa da haka, ya kuma daɗe yadda za ka karanta shi sau ɗaya a natse. Matsalar da za ka ci karo da ita haruffanmu ne: ɓ, ɗ, ƙ, da ƴ da ŋ na Fulatanci. Salon rubutu da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma, ko harafin ya fito da wata siffa daban. Noto Sans da Andika suna da su, Gboard kuma, manhajar buga rubutu a waya, na da allon Hausa. Kada ka ce ai za a gane. Sunan mutum da aka rubuta ba daidai ba shi iyalinsa za su fara gani. A bidiyon tsaye ɗaga rubutun sama kaɗan, domin maɓallan TikTok suna rufe ƙasa da gefen dama.

Mataki na tara: fitarwa da miƙawa

Zaɓi MP4, hoto H.264, sauti AAC. Nauyin fayil lissafi ne da za ka iya yi da ka: megabit 8 a daƙiƙa, wanda YouTube ke ba da shawara ga 1080, daidai yake da megabayit 1 a daƙiƙa, wato 60 a minti. Bidiyonmu na minti 3 zai kai wajen 180. Wannan shi ne na ajiya da na YouTube. Fitar da na biyu a 720 da megabit 2 ko 3, wanda zai tsaya tsakanin megabayit 45 da 70, don masu sayen data kaɗan-kaɗan. In za ka tura wa mai aiki ta WhatsApp, tura shi a matsayin takarda, domin in ka tura a matsayin bidiyo manhajar za ta sake matse shi.

Kafin ka tura, kalle shi daga farko har ƙarshe a ƙaramar waya, ba abin kunne, a wuri mai hayaniya, domin haka yawancin mutane za su kalle shi. In kana jin kowace kalmar Baba, to. In kiɗa na danne shi, koma ka rage. Sannan kai masa ya gani kafin duniya ta gani, ko akwai abin da ba ya so ya fita, kamar sirrin haɗin labunsa.

Idan aikin kuɗi ne, ku yi magana tun kafin ɗauka: nawa ne, rabi kafin a fara, gyara sau nawa ne cikin kuɗin. «Alhaji, gyara biyu na cikin kuɗin nan, na uku sai a ɗan ƙara» ta fi sauƙin faɗa ranar ciniki fiye da ranar da aka dawo maka karo na biyar a cire wata gwaggo a sa wata. Kwafin dubawa ka sa masa tambarinka a tsakiya, mai tsabtar kuma sai an cika. Foldar aikin ka riƙe ta aƙalla wata 3 bayan miƙawa, ka gaya wa mai aikin ranar da za ka goge ta.